Fuskar Babanku a Kan Kwali

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Yaya tarin da na ji a muryarki ranar da kika kira? Na san ba ki sha magani ba, don haka kada ki wahalar da kanki wajen shirya min amsa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da kika sani. Yayanki da matarsa da yara duk suna gaishe ki.

Kin tambaye ni me ya sa nake rubuto wasiƙa alhali ga waya. Dalili shi ne idan muna magana ina jin ƙarar yatsunki a kan kwamfuta, kina ta ce min "to Mama, to Mama", ba ki ma san abin da kike amsawa ba. Takarda sai an zauna ake karanta ta. Tunda direban kamfaninku yana biyowa ta nan, shi zan riƙa bai wa.

Kwalayen gwajin da kika zana wa shagon marigayi Babanku sun iso, mun kuma gwada su yadda kika ce. Yayanki ya zuba soyayyen dankali da cinyar kaza daga kasko a cikin kowanne, ya rufe, ya tako da ƙafa daga shago zuwa gida, muka buɗe a kan tabarma. Na farko, mai rufewa ruf, tururi ya taru a ciki, dankalin ya yi laushi kamar an dafa shi. Kin riga kin faɗa haka zai yi, to ya yi. Na biyu, mai siririyar takarda, mai ya keto ta gindi ya ɓata wa Yayanki aljihun riga, matarsa na nan tana mita tana dirza. Na uku, mai ƙananan huji a gefe da santsi a ciki, shi ne ya iso da abinci yadda ya bar wuta, hannu kuma bai yi maiƙo ba. Shi za ki yi. Sai dai harshen nan da ake cusawa a rufe murfin ya yi gajarta, da an ɗauki kwalin da hannu ɗaya yake buɗewa. Ki ƙara masa tsawo. Na ji daɗin da babu gam kuma babu ƙarfe a jikinsa, ninki ne kawai, don ni zan riƙa naɗe su da safe kafin a ɗora mai, zaman banza ba ya yi min.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu raina bai gama kwanciya da wannan sana'a taki ba. Mutum ya yi dogon karatun zane, ya ƙare a kan abin da ake jefarwa tun kafin mai ya huce. A ganina aikin kirki shi ne wanda yake daɗewa bayan mai shi. Amma na yarda tsohuwar jarida da leda ba abin zuba wa ɗan Adam abinci ba ne. Sau nawa na ga baƙin rubutu ya manne a fatar kaza, mutane su ci su yi godiya. Idan kin raba shagon da wannan, kin yi wani abu.

Hoton Babanku da kika roƙa yana cikin ambulan ɗin nan, tsakanin kwali biyu. Shi ne wanda aka ɗauke shi a ƙofar shago yana dariya, wushiryarsa a waje, kuma kin san ba ni da wani irinsa, don mutum ne da ba ya son hoto. Na yi farin ciki da kika tuna ki nemi abin da za ki rataye a ɗakinki. Ki sa a wanke miki naki, ki dawo min da nawa. Kada ki ajiye shi kusa da kofin shayi.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki rage kwana a gaban kwamfuta. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu ma jiki lafiya. Zuciya ce dai, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Kaya sun iso, ɗauri-ɗauri, a shimfiɗe ba a naɗe ba. Yayanki ya yanke igiya a tsakiyar shago, ya zaro guda ɗaya, ya miƙo min yana murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Sai na ga Babanku yana kallona daga kan murfi. Ashe shi ya sani, matarsa ta sani, ni kaɗai aka bari ina tsammanin bangon ɗakinki kike wa tanadi. Na zauna na naɗe abin da ya sawwaƙa. Na lura kin kauce kada layin ninki ya ratsa fuskar, na kuma lura ba ki sa tawada ko ɗigo a ɓangaren da abinci yake taɓawa ba. Kin yi tunanin komai, ban da abu ɗaya: ina kwalin yake zuwa idan an gama ci.

Ni na gano miki. Washegari na fita zuwa kasuwa, ban kai kwanar mai gyaran keke ba na gan shi a cikin kwata. A rigingine, yana dariya, maiƙo ya zubo masa a kunci, ruwan wanke-wanke yana bi ta ƙarƙashinsa. Gaba kaɗan, a tashar mota, wani an murƙushe shi an cusa a ramin katanga. Wani kuma tayar mota ta bi ta kansa. Na tsaya a titi da kwando a hannu, mace mai shekaruna, ina sunkuyawa ina tsintar mijina daga ƙasa, masu wucewa suna kallona.

Kin manta waye Babanku ne? Mutumin da ko hularsa ba ya yarda ta taɓa ƙasa. Mutumin da duk zafin kasko sai ya wanke fuska ya canza riga kafin ya fito gaban kanta, yana cewa wanda zai ba ka kuɗinsa ya cancanci ya ga mutum. Ya yi rayuwarsa yana tsare mutuncinsa, babu wanda ya taɓa ganinsa a wulaƙance. Yau ya kwanta dama, ba shi da bakin hanawa, 'yarsa ta cikinsa ta buga shi ta raba wa duk mai jin yunwa ya goge yatsu da shi.

Na san ba da mugun nufi kika yi ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana kwata wari. Ku yaran yanzu kuna ganin fuska ado ce, a manna a riga, a manna a kofi. Fuska amana ce. Ta mai rai ma sai da izininsa, balle ta mamaci. Kuma da kin faɗa min abin da za ki yi da hoton, da kin ji amsata tun kafin a ɓata takarda da tawada. Ina zargin shi ya sa ba ki faɗa ba.

Abin da nake so a fili yake. Ki cire fuskar. Ki bar sunan shago, ki zana kaza, ki zana dankali, ki zana kasko idan kin ga dama, babu ruwana. Na gaya wa Yayanki haka, ya ce kayan da aka buga suna da yawa, mutane kuma suna yabawa. Na ce masa mutane ba su suka aure shi ba.

Ina jiran amsarki ta hannun direba. Allah ya shirye ki, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

'Yata Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Takardarki ta same ni, na karanta ta fiye da sau ɗaya. Na gode da kika zauna kika rubuta da hannu. Rubutunki ya lalace, amma wannan maganar wata rana ce.

Kin ce tun da aka buɗe sabon shago a tsallaken titi, mai fitilu da kujerun roba, ciniki ya ja baya, kuma abin da mu muke da shi su ba su da shi shi ne mutane sun san Babanku. Kin ce kwali yana shiga gidajen da allon shago ba ya shiga. Wannan maganar 'yan kasuwa ce, ba zan ce ƙarya ba ce, don Yayanki ya ce tsofaffin masu saye sun fara dawowa. Kin kuma ce lokacin da ya rasu kina nesa, kin iso an riga an kai shi, kuma duk tsawon lokacin da kika yi kina zana fuskar nan, kina gogewa kina sakewa, shi ne karo na farko da kika zauna da shi. A nan na ajiye takardar na ɗan jima kafin na ci gaba. Ban san haka abin yake a ranki ba, don ba kya magana. Amma Auta, wanda ya yi kewar mahaifinsa addu'a yake masa. Ba ya kai shi juji.

Bari ki ji halin da kika sa ni. Yanzu idan zan fita sai na ɗauki jaka ta biyu. Na san wuraren da yake taruwa: bakin makarantar 'yan mata bayan an tashi, ƙarƙashin bencin masu jiran mota, bayan shagon mai aski. Matar nan mai sharar layinmu ta gan ni rannan, ta tambaye ni ko sayarwa nake yi. Da na gaya mata ko waye, sai ta ce ai ya sha ba ta wuya da ƙafafun kaza ba ta biya ba. Tun daga ranar take ware min su daban, ta kawo ƙofar gida a ɗaure da tsumma. Ban roƙe ta ba, ban kuma iya hana ta ba.

To ga su nan a bayan ƙofar ɗakina. Ba zan iya mayar da su shara ba, don daga can na ɗebo su. Na ɗauki ashana na fita tsakar gida da niyyar ƙonewa, na kasa sa wa fuskarsa wuta. Tururuwa sun samu hanya, kyanwar maƙwabta ta mayar da tagata wurin zama. Matar Yayanki ta leƙo jiya ta ce, "Mama, ɗakin nan naki ya fi shago ƙamshin kaza, ko mu dawo da kanta nan ne?" Na ce mata ranar da aka buga fuskar nata uban sai ta zo mu yi dariyar tare. Ta ba ni haƙuri. Yarinyar kirki ce, bakinta ne ba shi da linzami.

Don kada ki ce ina ɓoye abin da ya goyi bayanki, ga wannan. Wani direban bas, tsohon mai saye, ya tare ni a hanya ya nuna min murfin da ya yage ya maƙala a gaban motarsa. Ya ce tun yana kwandasta Babanku yake ƙara masa dankali idan ya ga yunwa a idonsa. Na ce masa ya kyauta. Amma shi mutum ɗaya ne, kwata kuwa tana da tsawo.

Yayanki ya kama ni ta inda ya san ina da rauni. Ya ce ni ce na raine su a kan cewa almubazzari ɗan'uwan shaiɗan ne, ni ce nake sa su tsince ƙwayar shinkafa daga tabarma, to yaya zan ce a zubar da ɗaurin kwalaye sababbi fil? Gaba kura baya sayaki. Abin da na sani shi ne na daina naɗe su, kuma ƙafata ba za ta sake taka shagon nan ba muddin ana miƙa wa mutane mijina da yaji a kai. Shagon da muka fara da kasko ɗaya ni da shi. Ki auna ki ga ko abu ne mai sauƙi a wurina.

Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ki gaishe da ƙawarki da kuke zaune gida ɗaya, ki ce na gode da sabulun da ta aiko min.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Na tambaye shi ko kina lafiya, ya ce yana ganinki a wurin aiki. Wayarki tana shiga ba kya ɗauka, amma kina ɗaukar ta Yayanki, don na ji muryarki ta bango.

Fushi da uwa ba ya kai mutum ko'ina. Ban zage ki ba, ban ce aikinki banza ba ne, gaskiya na faɗa miki, kuma idan ban faɗa ba babu mai faɗa. Maganata tana nan inda take. Amma ki riƙa cin abinci, na san halinki idan ranki ya ɓaci.

Mahaifiyarki.

*

'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan lafiya, gwiwa ma ta yi sauƙi tunda sunkuyo ya ragu.

Sababbin kwalaye sun iso. Na buɗe da kaina. Sunan shago a sama, kasko da ɗan tururi a ƙasa, shi ke nan. Kin kuma faɗaɗa gindin, yanzu yana zama a kan benci ba ya kifewa. Hoton Babanku ma ya dawo lafiya, ko lanƙwasa babu. Na juya ambulan ɗin na zazzage, ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Na fahimta.

Dabarar da kika ba Yayanki a kan tsofaffin ta yi. Ya sa almakashi yana yanke murfin daidai layin ninki, gindin ya zama buɗaɗɗen faranti, ana zuba wa masu ci a nan kan benci, waɗanda ba sa buƙatar rufi. Ko ɗaya ba a zubar ba. Ban san yadda aka yi mu duka muna kallon kwalin nan tunanin bai zo mana ba. Murafen kuwa, kullum da yamma sai ya kawo min su a jere, sababbi, mai bai taɓa su ba. Na kwashe zannuwan da ba na ɗaurawa na ba su wuri a cikin akwati.

Na koma shago. Da safe ina zaune a kujerata ta bayan kanta ina naɗewa, yatsuna sun saba har ba na kallo. Jiya na bi hanyar kasuwa da jaka ɗaya. Na ga kwalinmu a kwata, na ga wani a tasha, kasko ne kawai da suna, na wuce abina. Mutane dai ba za su daina zubar da shara a titi ba, wannan tsakaninsu da tarbiyyarsu. Abin da na nema na samu, kuma har gobe ina kan cewa shi ne daidai. Yayanki ya ce wasu suna tambaya ina tsohon ya tafi. Na ce ya ce musu yana gida.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, don lokacin raina a ɓace yake, kuma ba a yabon yaro ana cikin yi masa faɗa. Yanzu da nake da su a ɗaki, na zauna na duba zanen da kyau a bakin taga. Ba hoton kika kwafa ba. A hoton idanunsa biyu a buɗe suke. Ke kin ɗan runtse na hagu, yadda yake yi idan hayaƙin mai ya taso masa, kuma babu hoton da ya taɓa kama wannan. Na ɗauka ni kaɗai na san shi. Kina ƙarama, kina zaune a kan buhun dankali kina zane a bayan takardar awo, ashe kallonsa kike yi.

Saura waɗanda na tsinto a titi. Na yanke fuskokin na rabu da sauran kwalin, amma maiƙon ya ƙi fita. Na gwada toka, na gwada garin alli, na sa takarda a kai na bi da dutsen guga, sai tabon ya ƙara faɗi, ɗaya ma tawadar ta narke. Na tsaya kada in ƙara ɓarna. Matar Yayanki ta ce in haƙura da su tunda ga sababbi cike da akwati. Ba ta gane ba. Waɗannan su ne suka sha wahala.

Ke kika san takarda, ke kika san tawadar da kika sa. Idan akwai yadda ake cire maiƙo ba tare da zanen ya tafi ba, ke za ki sani. Kada ki rubuto min, ba na gane bayanin irin wannan a rubuce, kada kuma ki faɗa wa Yayanki ya faɗa min, hannunsa nauyi gare shi. Ki nemi hutu ki zo ki nuna min da kanki. Suna da yawa, ba aikin yini ɗaya ba ne, don haka ki taho da kayan sawa. Na sa an gyara ƙafar gadonki.

Allah ya jiƙan Babanku, ya yi miki albarka, ya kawo ki lafiya.

Mahaifiyarki.